Idan Likita Ya Ɗauki Hoton Bakin Jaririnki Da Waya

Wata rana kina iya kai yaro asibiti, a Sabon Birni ko Isa ko Sakkwato, ki ga likita ya duba bakinsa da haɓarsa, ya saurari numfashinsa, sannan ya nemi izininki ya ɗauki hoto da wayarsa, ya koma gefe yana rubutu. A nan ne ran iyaye da yawa yakan ɓaci. Wasu su ce yaro yana fama shi kuwa yana latsa waya, wasu su ce ashe bai iya aikin ba tun da sai ya tambaya. Wannan bayani zai nuna miki abin da yake faruwa a daidai lokacin, da kuma aikin da ya rage a hannunki da na maigida, wanda waya ba za ta iya yi muku ba.

Maƙogwaron jariri

Bari mu fara da abin da zai kwantar miki da hankali. Yawancin jarirai da sun faɗo suke tsala kuka, numfashi ya kama da kansa. Kamar ɗaya cikin 10 ne yake bukatar taimako, kuma taimakon ba mai wuya ba ne: a goge shi da tsumma mai tsabta, a murza bayansa, in bai motsa ba a ɗora masa 'yar robar fuska a matsa masa iska da jaka. Ana so a yi wannan cikin minti ɗaya na farko, kuma ungozomar asibiti da ta sami horo ta iya shi sarai. Kaɗan ne ƙwarai suke kaiwa ga a zura musu tiyo a maƙogwaro. Haka nan yaron da za a yi wa tiyata, sau da yawa sai likitan sa barci ya sa masa wannan tiyo, domin idan barcin allura ya yi nisa yaro ba ya iya tsare numfashinsa da kansa.

To, sa tiyo ga jariri ba daidai yake da sa shi ga babba ba. Ƙeyar jariri babba ce, tana sa wuyansa ya lanƙwashe in an kwantar da shi. Harshensa ya cika bakinsa. Ƙofar maƙogwaronsa tana can sama a ɓoye. Faɗin bututun iskarsa kuwa bai wuce milimita 4 ba, wato ki dubi ƙaramin yatsansa ki kwatanta. Idan bangon bututun ya kumbura da milimita ɗaya kawai a kewaye, kashi uku cikin huɗu na hanyar ya toshe ke nan. Bugu da ƙari, jikin jariri yana shan iskar oksijin kusan ninki biyu na yadda babba yake sha gwargwadon nauyinsu, ga shi huhunsa ba ya ajiye iska da yawa. Abin da babba zai jure na 'yan mintoci, jariri cikin daƙiƙoƙi leɓensa yake fara sauya launi.

Akwai kuma yaran da halittarsu ko wata cuta ta ƙara wa abin wuya: mai ƙaramar haɓa da ta koma baya, mai tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa, mai ƙari a wuya ko ƙarƙashin harshe, wanda wuta ta ƙona wuyansa fatar ta tattare, da wanda muƙamuƙinsa ya kulle ba ya buɗuwa. Irin waɗannan ne likitoci suke cewa masu wuyar hanyar numfashi.

Dalilin da ya sa gwani yake tambaya

A Amurka, likitocin sa barci na asibitocin yara 13 sun haɗa kai suna rubuta duk lokacin da sa tiyo ya ba su wahala. Daga shekarar 2012 zuwa farkon 2015 sun tara irin wannan har sau 1,018, sakamakon kuma ya fito a 2016. Sun ga cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar ya sami wata matsala a lokacin aikin. Haɗarin ya fi yawa ga yaron da bai kai kilo 10 ba, da mai gajeriyar haɓa, da kuma wanda aka yi ta gwadawa fiye da sau biyu. Kowane gwaji yana ƙara kumburi da jini, sai hanyar da take ƙunci ta ƙara ƙunci. Darasin da aka ɗauka shi ne gwajin farko ya zama wanda aka fi shiryawa: a san kayan da za a ɗauka, a san wanda zai riƙe, a san abin da za a koma gare shi in hakan bai yiwu ba.

Likitocin wannan haɗin gwiwa suna da zaure a WhatsApp, inda wanda ya gamu da yaro mai wuya yake bayyana halin da ake ciki, abokan aikinsa na wasu asibitoci da wasu ƙasashe su ba shi shawara. A 2023 har an wallafa nazari a kan saƙonnin da suke aika wa juna a zauren. Ki lura fa, waɗannan mutane ne da suke da kowane irin kayan aiki, ga ƙwararru kewaye da su, amma duk da haka suna tambaya. Dalili kuwa shi ne irin waɗannan yara ba su da yawa. Likita yana iya shekara goma bai ga wata larura ba, alhali wani a can ya gan ta sau biyar. Mai tambaya ba ya ɓata, in ji masu iya magana.

Idan su sun bukaci haka, ina ga mu? Ƙididdigar da ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta fitar a 2017 ta nuna cewa a Nijeriya likitan sa barci bai kai ɗaya ba ga mutum 100,000, alhali ana so a sami aƙalla biyar. 'Yan kaɗan ɗin ma yawancinsu suna manyan birane. A asibitocin ƙananan hukumomi, nas ɗin da aka horar a kan sa barci shi ne yakan riƙe aikin, shi da likitan da yake duba kowa da kowa. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001 ma'aikacin ƙauye yake iya kiran malaminsa na birni. Abin da zaurukan waya suka ƙara shi ne hoto da bidiyo da murya, da kuma isa ga mutum da yawa a lokaci guda.

A ce an haifi yarinya da dare a asibitin Isa. Haɓarta ƙarama, tana numfashi da gurnani, ƙirjinta yana lotsawa, da an kwantar da ita rigingine sai abin ya tsananta. Ma'aikacin da ke aiki ya ɗauki hoton fuskarta ta gefe da cikin bakinta, ya ɗauki ɗan bidiyon numfashin, ya rubuta nauyinta da abin da na'urar yatsa ta nuna na oksijin, ya tura. Wanda ya san abin da ya gani zai gane larurar da wani likitan Faransa mai suna Pierre Robin ya bayyana a 1923: haɓa ƙarama, harshe yana faɗawa baya yana rufe hanya, sau da yawa da tsaga a ganɗa. Shawarar da zai ba da ba ta bukatar babbar na'ura. A kwantar da ita rubda ciki ko a gefe domin harshen ya dawo gaba, ana sa mata ido. A zura 'yar roba mai taushi ta hanci ta wuce bayan harshe. A daina ƙoƙarin sa tiyo in ba dole ba. A ba ta nono ta siririyar roba ko da kofi a hankali kada ta shaƙe. Sannan a sanar da Sakkwato tun kafin mota ta tashi. Irin wannan shawara takan riƙe rai har gari ya waye. Amma kada wata ta ji wannan ta riƙa kife lafiyayyen jaririnta. Jariri mai lafiya a bayansa ake kwantar da shi barci.

Haƙƙinki game da hoton

Ba a ɗaukar hoton yaronki sai da izininki ko na mahaifinsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikaci rufe sirrin majinyaci, dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin abubuwan da ake tsananta tsarewa, ta ce na yaro sai da yardar iyaye. Kina da damar tambaya: wa za a tura wa, kuma don me? Abin da ya dace shi ne a ɗauki wurin da ake magana a kai kaɗai, a rufe idanu in ba a bukace su ba, kada a sa sunan yaro ko na gidanku. In kin ƙi, ba za a fasa duba yaronki ba. Sai dai shawararmu ita ce ki yarda idan an yi miki bayani, don hoton haɓa ta gefe yana faɗin abin da dogon rubutu ba zai faɗa ba.

Ki sani kuma, shawara ce ake bayarwa a zaure, hukunci yana hannun likitan da yake tsaye a kan yaron. Wani lokaci ma masu amsawa sukan saɓa wa juna, shi ne zai auna da kayan da yake da su. Zauren likitoci daban yake da zauren dangi da na unguwa, inda ake turo muryar wani wanda ba a san shi ba yana cewa a ɗiga kaza a hanci, a turara kaza. Wannan kam ki bar shi inda kika gan shi.

Abin da saƙo ba ya ɗauka

Daga Sabon Birni ko Isa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya haura kilomita 100 nesa ba kusa ba, kuma mutanen Gatawa da Tsamaye da Turba da Bafarawa ba sa bukatar a gaya musu abin da rashin tsaro ya yi wa tafiyar dare a ƙasar Gobir. Sabis ɗin waya ma ba abin dogaro ba ne kullum. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, Sabon Birni da Isa suna ciki, kuma an jima kafin a maido. Ko da sabis yana nan, waya ba ta tura tukunyar oksijin, ba ta tura madubin maƙogwaro mai kyamara, ba ta tura hannun gwani. Saboda haka shawarar waya tana amfani ne gwargwadon lokacin da aka ba ta. Lokacin nan kuwa a wurinku yake.

Yana farawa tun daga awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar mai ciki ta je awo sau takwas, a kuma yi mata hoton ciki kafin mako na 24. Hoto yana iya nuna tsagar leɓe ko ƙari a wuyan jariri. Idan aka ce miki ruwan cikin ya yi yawa, sau da yawa ciwon suga ne ko kuma babu wani dalili, amma wani lokaci alama ce cewa jaririn ba ya haɗiya yadda ya kamata. In ma'aikaciyar awo ta ce ki je Sakkwato ki haihu, ba raina ƙarfinki ta yi ba, ko da kin haifi shida a ɗaki lafiya lau. Maigida, a nan naka aikin yake: ka tanadi kuɗin mota da masauki wurin dangi tun wata na takwas, ku tafi da rana tsaka, kada ku jira naƙuda. Jaririn da aka san da matsalarsa tun yana ciki, likitan yara da na sa barci da na kunne da hanci da maƙogwaro suna iya tsara komai su jira shi.

Sai maganar beli. A gidaje da yawa, kafin ranar suna wanzami ya zo ya cire. Mun san al'ada ce ta kaka da kakanni, kuma ana yi ne da nufin alheri. Amma beli ba cuta ba ne, halitta ce da take taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya. Yanka a wurin yana jawo zubar jini, jinin yana iya gangarawa huhu, wurin yana iya kumbura ko ya kama ƙwayar cuta, a hanyar da muka ce faɗinta bai fi ƙaramin yatsa ba. Jaririn da yake gurnani ko ya kasa kama nono shi ne aka fi gaggawar kai wa wanzami, alhali shi ne aska ta fi yi wa haɗari. Haka ma ɗura, wato a danne yaro a toshe hancinsa a zuba masa kunu ko jiƙo. Abin da aka zuba yana iya bin hanyar iska.

Ciwon zaizayar baki

A Sakkwato akwai wurin da aka fi sanin wuyar hanyar numfashin yara fiye da wurare da yawa a duniya, wato asibitin yara masu ciwon noma, wanda aka buɗe a 1999. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki tare da shi tun 2014, kuma kyauta ake magani. Noma a nan ba aikin gona ake nufi ba. Ciwo ne da wasu suke kira zaizayar baki, wasu su ce ciwon iska ne ko na daji. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka raunana, wato daidai lokacin yaye, lokacin da hankalin uwa ya koma kan sabon ciki. Yana farawa da dasashi mai jini da warin baki, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki naman ya yi baƙi ya zube. In ba magani, kusan tara cikin goma ba sa rayuwa. In an zo tun yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. A watan Disamba na 2023, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Wanda ya tsira a makare, tabon yakan ɗaure muƙamuƙinsa har ko cokali ba ya shiga. Ki yi tunanin likitan sa barci a gaban yaron da bakinsa ba ya buɗuwa sam. Dole ya bi ta hanci da wata siririyar igiya mai fitila da kyamara a bakinta, ya lallaɓa har ya ga ƙofar maƙogwaro, sannan ya zura tiyo a kanta, yaron kuma yana numfashi da kansa har a gama. Shi ya sa ake duba hotunan irin waɗannan yara, a auna buɗewar bakinsu, a yi shawara tun kafin ranar aiki. Wannan ba aikin da ake gwadawa a ƙaramin asibiti ba ne, kuma ma'aikacin da ya ce miki ba zai taɓa ba sai Sakkwato ya yi daidai. Duk wannan wahala kuwa ɗaga leɓen yaro a duba dasashinsa sau ɗaya a mako yana iya hana ta.

Mashaƙo ma yana shaƙe yara. Annobarsa ta tashi a Nijeriya a ƙarshen 2022, ta fi tsanani a Kano, kuma yawancin waɗanda ta kama ba su kammala rigakafi ba. Alamarsa zazzaɓi da ciwon maƙoshi, wuya ya kumbura, wata fata mai ruwan toka ta rufe maƙoshi. Kada a kankare ta. Allurar mako 6 da 10 da 14 ita ce garkuwarsa, ta ƙyanda kuma a wata 9 da wata 15.

Gyaɗa, aya, wake, ƙwallon dabino da ƙananan batura su ma sukan faɗa hanyar iska. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko aya ɗungurungum, kuma a ja kunnen yayyensa. Idan jariri ya shaƙe ya kasa kuka, ki kife shi a kan hannunki kansa yana ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa sau biyar, ki juya shi ki danna tsakiyar ƙirjinsa sau biyar, ki maimaita. Kada ki zura yatsa kina lalube. Ko tarin ya lafa, in kin tabbata ya shaƙi wani abu ki kai shi asibiti a ranar, don gyaɗa takan zauna a huhu ta ruɓe, kuma ba lalle ta fito a hoto ba.

Ranar tiyata da ranar tafiya

Idan za a yi wa yaronki aiki, ki gaya wa likitan sa barci komai: yana minshari, yana shiɗewa cikin barci, yana mura ko tari a makon nan, an taɓa cire masa beli, an taɓa sa shi barci aka sha wuya, ko wani a dangi ya taɓa samun matsala da allurar barci. Game da abinci, yawanci ana tsayar da tuwo da kunu da madarar gwangwani awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2, amma ki bi abin da aka gaya miki a wurin. In tausayi ya sa kin ba shi wani abu, ki faɗa. Gara a ɗaga aikin da abinci ya dawo ya shiga huhu.

In an tura ku Sakkwato daga Sabon Birni ko Isa, ku karɓi takardar turawa a hannu ko da an riga an aika saƙo, don waya tana iya mutuwa, wanda ya amsa saƙon kuma yana iya tashi daga aiki kafin ku iso. Ku tambayi sashen da za ku nufa. In yaron yana kan oksijin, ku nemi ma'aikaci ya raka ku da tukunyar da za ta kai ku. Bayan an sallame ku, idan an ce sa masa tiyo ya yi wuya, ku roƙi likita ya rubuta a takarda abin da ya gani da dabarar da ta yi aiki. Ki haɗa takardar da katin rigakafinsa cikin leda, ki nuna ta a duk asibitin da za a sake sa shi barci, ko da a Maraɗi ne, ko da ya zama saurayi.